A Kan Lissafa Yaƙin Neman Zaɓe Cikin Hidimar Al'umma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, a kan wani al'amari da ya shafi 'ya'yanmu da ke makarantun sakandare a nan.

A sassa da dama na Amurka ana buƙatar ɗalibi ya yi wasu awoyi na aikin sa kai kafin ya kammala sakandare. Jihar Merilan ta wajabta awa 75 tun 1992, birnin Washinton ma yana da irin wannan sharaɗi. A Fulorida an ɗaura wannan sharaɗi ne a kan tallafin karatun jami'a na Bright Futures, inda babban matakinsa ke neman awa 100, na ƙasa da shi kuma awa 75. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar jihar ta ambata ƙarara cewa yi wa ɗan takara aiki yana cikin abubuwan da za a lissafa wa yaro.

Ɗana mai shekara 16 ya bi wannan hanya, domin abokansa sun faɗa masa ta fi sauƙi. Ya yi makonni yana buga wa mutane waya yana karanta musu jawabin da aka rubuta masa, ranar Asabar kuma a zuba su a mota su bi gida-gida suna maƙala takardu a ƙofofi. Ba zan musanta cewa ya ƙaru ba, domin ya koyi yi wa baƙo magana ba tare da in-ina ba, ya kuma koyi haƙuri idan aka rufe masa ƙofa. Amma da na tambaye shi abin da ɗan takarar ya tsaya a kai game da makarantu, sai ya yi shiru, ya ce shi dai awoyinsa yake tarawa.

A nan damuwata take. Ƙa'ida ita ce a rubuta awoyin a takarda, ɗalibi da mahaifinsa da wakilin inda ya yi aikin su sa hannu. Ma'ana, jami'in ofishin kamfe ne ke tabbatar da abin da zai taimaki yaro ya samu kuɗin karatu, alhali yaron bai kai shekara 18 da zai jefa ƙuri'a ba. Ɗan takara ya samu ma'aikaci kyauta, kuma hukuma ce a fakaice ta turo masa shi. Wanda ya raba abinci ga mabuƙata ya amfani duk wanda ya zo, shi kuwa mai kamfe burinsa ɓangare ɗaya ya kayar da ɗaya, ko da kuwa ɓangaren nasa ne ke da gaskiya. Ita kanta gwamnatin tarayya ta san da wannan bambanci, shi ya sa ta haramta wa masu hidima a shirinta na yi wa ƙasa hidima mai suna AmeriCorps yin siyasar jam'iyya a lokacin aikinsu.

Mu da muka yi bautar ƙasa a Najeriya mun san hukumar zaɓe tana ɗaukar masu yi wa ƙasa hidima su kula da rumfuna ne saboda ana ganin ba su da ɓangare. Irin wannan ƙofa a buɗe take a Fulorida, domin matashin da ya yi rajistar zaɓe ta share fage tun yana shekara 16 yana iya aiki a rumfar zaɓe. Ina kira ga iyaye 'yan uwana da su nuna wa 'ya'yansu wannan hanya, yaron da ke sha'awar wani ɗan takara kuma ya bi shi a lokacinsa na kansa, ba don a cike masa takarda ba. Nawa ɗan dai ya ƙarasa sauran awoyinsa ne a ɗakin karatu na unguwarmu, yana taya ƙananan yara karatu.

Wassalam.

Naku,
Wani mahaifi mazaunin Orlando