Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙasa Janar Abdourahamane Tiani kan matan Kance da yaran da ake haya zuwa Aljeriya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto maka da Hausa saboda mun sha jin ka kana yi wa 'yan ƙasa bayani da ita a gidan talabijin, kuma akasarin mutanen da zan yi maganarsu ba su da wani harshe sai ita. Maganar matan Kance da Magarya ce, na kudancin jihar Damagaram, da yaran da ake tsallakawa da su hamada zuwa Aljeriya domin bara.

Ba sai na tuna maka abin da ya faru a watan Oktoban 2013 ba, amma zan tuna maka. Motoci biyu suka tashi daga Arlit suka nufi Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, suka lalace a cikin rairayi, ƙishirwa ta kashe mutum 92. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, maza bakwai kacal. Mafi yawansu daga kudancin jihar Damagaram suka fito. Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka ce an rufe gidajen da ake tara matafiya a Agadas. A watan Yunin 2016 aka sake tsintar gawa 34 kusa da Assamaka, garin bakin iyakarmu da Aljeriya, 20 daga ciki yara. Dubi wannan lissafi da kyau, ranka ya daɗe. Samarin da ke neman Turai ta hanyar Libiya daban, wannan ayari daban. Nan mata ne da goyo da 'yan ƙananan yara, kuma ba Turai suka nufa ba, bakin masallatai da mahaɗar titunan biranen Aljeriya suka nufa.

Duk lokacin da aka kwaso su, magana ɗaya muke ji daga manya: sun zubar wa ƙasa mutunci. Haka aka ce a watan Maris na 2022, lokacin da talabijin ɗin Senegal ya nuna su suna kwana a titunan Dakar, gwamnatin wancan lokaci ta aika jirage aka kwaso fiye da mutum 1,000. Haka aka ce da hukumar shige da fice ta Ghana ta yi samame a Accra a watan Mayun 2025 ta kama mabarata fiye da 2,000, kusan dukkansu 'yan Nijar. Ni ban ce babu kunya a ciki ba. Amma kunyar ta wa ce? Matar da ta bar ɗakinta ta kwana a gindin gada a ƙasar da ba ta jin harshenta, ita ce ƙarshen igiyar. Masu riƙe da farkon igiyar suna nan zaune cikinmu da manyan riguna, babu mai ce musu uffan.

Kafin in zo kansu, bari in faɗi abin da ke tayar da matan, domin wanda bai san Kance ba yana ɗauka kwaɗayi ne kawai. A ƙidayar 2012 gundumar Kance tana da kusan mutum 400,000 a 'yar ƙasar da kowace murabba'in kilomita ke ɗauke da fiye da mutum 150, alhali matsakaicin ƙasa baki ɗaya bai kai 15 ba a lokacin. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha wani abu ke raba ta kunya-kunya. Hatsin da gida ya girbe ba kasafai yake kai su bazara ba. To idan gona ta ƙanƙance, wa ake fara cirewa? Mace. A da mai gida kan yanka wa matarsa gamana ta shuka gyaɗa ko wake ko riɗi, ta sayar ta yi hidimar kanta. Yanzu gandu da kansa bai isa ba, balle a yi zancen gamana. Gadon gona kuma, wanda Allah Ya yanka mata rabonta a cikin Alƙur'ani, 'yan'uwanta maza kan ce za su riƙe mata, riƙon da ba ya ƙarewa, ko a ba ta 'yan kuɗi a ce an fanshe.

An raba ta da gona, amma ba a sauke mata nauyi ba. Ita ce mai neman abin da za a ɗora a wuta idan miji ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Libiya, kuma ka san yadda faɗuwar naira da rufe iyakoki a 2019 da 2023 suka karya wannan ci-ranin. Ita ce mai kayan ɗakin 'yarta, gado da katifa da kwanuka da gara, kuma idan ba ta yi ba ita za a yi wa gori a gidan biki, ba uban yarinyar ba. An yi mata aure tun tana ƙarama, domin a ƙasar nan cikin 'yan mata huɗu, uku ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ba ta yi boko ba. Idan aka sake ta, da 'ya'yanta take fita. Sai ga maƙwabciyarta ta dawo daga Aljeriya ta sayi awaki, ta yi rufin kwano, ta kai 'yarta ɗaki da kaya na gani na faɗa. Wane wa'azi ne zai fi wannan ƙarfi a kunnenta?

Yanzu ga masu farkon igiyar. Sadaka a Aljeriya ta fi zuwa hannun mai yaro, musamman cikin azumi, saboda haka yaro ya zama jari. Wadda ba ta da yara da yawa sai ta karɓi na 'yar'uwa ko na maƙwabta bisa sharaɗin a raba abin da aka samu, ko a biya iyaye wani abu idan an dawo. Mutanen yankin ba su ɓoye sunan abin ba, haya suke ce masa. Akwai mai ba da bashin kuɗin mota, wanda za a biya shi da riba daga abin da yaran suka roƙo. Akwai dillalin da ke haɗa ayari daga ƙauye zuwa tasha, da mai gidan da ake sauke su a Agadas da Arlit, da direban da ke kauce wa babbar hanya ya bi ta inda babu rijiya. Akwai mijin da ya sayar da akuya ya ba ta guzuri, yana zaune a gindin bishiya yana jiran saƙo, amma da hukuma ta tambaye shi sai ya rantse ba da saninsa ta fita ba. Akwai kuma shingayen hanya, daga Damagaram har Assamaka, inda motar da ke cike da yara ba takarda take wucewa. Ba ta sama take bi ba.

Ranka ya daɗe, a watan Nuwamban 2023 ka soke dokar 2015-36 wadda ta haramta jigilar baƙin haure. Ka ce an yi ta ne don biyan buƙatar Turawa, kuma mutanen Agadas da yawa sun yi murna, saboda ta jefa direbobi a kurkuku, ta kashe kasuwa, ta kuma tura matafiya hanyoyin da suka fi haɗari. Ba zan yi jayayya da kai a kan wannan ba. Abin da nake tsoro shi ne mutane sun fahimci kamar an buɗe komai. Ɗaukar baligin da ya biya kuɗin motarsa da ransa abu ne guda, ɗaukar ɗan shekara biyar da aka karɓo haya don a ci guminsa wani abu ne daban. Na biyun fataucin mutane ne, kuma dokarsa tana nan ba a soke ta ba: doka mai lamba 2010-86 ta watan Disamban 2010, wadda soja ɗan'uwanka, Janar Salou Djibo, ya sa wa hannu. Ta ambaci cin ribar baran wani ƙarara, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 idan yaro aka yi wa. Akwai hukumar ƙasa ta yaƙi da fataucin mutane da aka kafa domin aiwatar da ita, akwai gidan karɓar waɗanda aka ceto da aka buɗe a Damagaram a 2019. Wannan doka ba don tsare iyakar Bature aka yi ta ba, 'ya'yanmu take karewa. Muna so mu ji ka faɗa da bakinka, da Hausa, cewa tana aiki.

Wani abin da ya kamata ka sa a ranka: Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa bayan mata huɗu, sai da ta je kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kafin ta sami gaskiyarta a 2008, aka umarci ƙasa ta biya ta sefa miliyan 10. Tun watan Janairun 2025 mun fita daga CEDEAO. Ko mutum yana goyon bayan fitar ko ba ya yi, wannan ƙofa ta rufe, saboda haka akasarin nauyin ya dawo kan alƙalanmu na gida. Idan suka yi sake, talakar da aka zalunta da wuya ta sami inda za ta kai kuka.

Sai maganar Aljeriya. Tun ƙarshen 2014 ake dawo da 'yan Nijar cikin ayarin motoci bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, sauran 'yan Afirka kuma a zube su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Ko muna ɗasawa da Aljeriya ko muna tsama, bai kamata a zauna teburi da su a kan man fetur da bututun gas ba tare da an ɗora wannan a kai ba. A kwaso mace daga titi a raba ta da 'yan kuɗin da ta tara, ta dawo gida da bashin mota a wuyanta, me ake tsammanin za ta yi? Komawa za ta yi, kuma wannan karon da yara biyu maimakon ɗaya. Fiye da shekara goma ana wannan kai da kawo, motocin ba su daina cika ba.

Kance ba hamada ba ce. Ruwa yana kusa a fadamun Korama, raken Matamaye, babban garin gundumar, har Yamai an san shi. Matatar mai ta SORAZ tana cikin jihar Damagaram tun 2011, ɗanyen man Agadem kuma yana fita ta teku tun 2024. Kuɗin jirgin da za a kwaso mabarata da shi, da na buhunan shinkafar da za a raba musu a gaban kyamara, da rijiyoyin lambu aka haƙa da su, aka yanka wa ƙungiyoyin mata fili da takarda da sunansu, da sun fi amfani. Takardar ce muhimmiya, domin filin da ba takarda, ranar da ya fara kawo kuɗi ranar wani namiji zai tuna na kakansa ne. Hukumomin filaye na gundumomi suna da ikon yin wannan, umarni suke jira da kuɗin aiki. Makarantun kwana na 'yan mata da gwamnatin da ka kifar ta fara ginawa, irin ta Kelle, kada a bar su su lalace don kawai ba kai ka aza tubalinsu ba. Malamai kuma, waɗanda ba sa gajiya da tsine wa bara a huɗuba, a roƙe su su ba rabon gadon mace da ciyarwar da ke kan miji rabin wannan lokacin.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ba ya cin ko dala. Ka umarci ministan shari'a ya fito ya gaya wa 'yan ƙasa, daga kotunan Damagaram da Matamaye da Magarya da Agadas da Arlit, mutum nawa aka gurfanar a ƙarƙashin dokar 2010 tun daga Yulin 2023, nawa aka ɗaure, kuma a cikinsu nawa ne dillalai da masu ba da bashi da ma'aikatan shinge, nawa ne matan da aka kama da yaro a hannu. A karanta shi a rediyo da Hausa, a maimaita duk wata shida.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga jihar Damagaram