Anti, fitata da yaro a Landan ta zama abin magana a dangin mijina

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu masu kawo kuka kullum? Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Ina bin shirinki ta intanet daga Landan. Don Allah a sakaya sunana, domin dangin maigidana ma ba sa bari shirin ya wuce su.

Ni 'yar Kano ce. Maigida ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a nan, ni kuma na biyo shi. Allah ya ba mu yaro ɗaya, ya ɗan haura shekara biyu. Muna zaune a gabashin birnin, wajen Ilford, a gidan haya mai ɗaki ɗaya da falo a saman bene. Ba tsakar gida, ba soro, ba maƙociyar da zan leƙa in ce ta riƙe min shi in ɗora tukunya. A gida ɗa na kowa ne, tun da safe yaran maƙota za su zo su ɗauke shi, sai yunwa ta dawo miki da shi. A nan daga ni sai shi, daga asuba har isha.

Maigida yana aikin awa 12, wani makon da rana, wani makon da dare. Idan ya kwana a asibiti yakan shigo da hantsi a gajiye liƙis, yana buƙatar barci har la'asar. To Anti, ta yaya zan hana ɗan shekara biyu tsalle da ihu da buga murfin tukunya, alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da mai barci? Ga kuma wani dattijo da ke ƙasanmu shi kaɗai. Daɓen gidan na katako ne, duk takun yaron a kansa yake sauka, har ya taɓa zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Cikin ladabi ya rubuta, amma mun gane saƙon. Abin da kawai ke zaunar da yaron shiru shi ne waya ko talabijin, kuma ma'aikaciyar lafiyar da ke duba yara a unguwarmu ta ja min kunne a kan haka. Ta ce yaro mai shekarunsa yana buƙatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a rana, kallon waya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa 1. Ta ƙara da cewa in riƙa ɗiga masa bitamin D kullum saboda ƙarancin rana, in kuma fitar da shi ya sha iska ko da ana sanyi.

Wannan ne mafarin fitata, kuma da izinin maigida na fara. Shi da kansa ya koya min hawa bas da jirgin ƙasa, ya nuna min yadda ake taɓa kati, tunda basocin Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

Ina so ki san inda nake zuwa, don kada a ɗauka kantuna nake bi ina ƙare masa albashi. Mafi yawan ranaku ban wuce unguwa: filin wasan yara mai lilo da yashi, sai laburare inda ake tara ƙanana da iyayensu a yi musu waƙoƙi da karatun littafin hotuna, kyauta. Idan gari ya yi kyau mukan yi nisa. Akwai wata gona a Mudchute, kusa da dogayen benayen Canary Wharf, ba a biyan ko kwabo wajen shiga. A can ɗana ya fara ganin akuya da tunkiya da jaki ido da ido. Ni da na tashi a lungun da akuya ke shigo mana har madafa ta ci tsaki, yau ga ni ina hawa jirgi don in nuna wa ɗana akuya. Na yi dariya ranar, na kuma ji wani iri a raina. Mukan je gidan tarihin halittu da ke South Kensington, inda aka rataye ƙasusuwan wani ƙaton kifin teku a babban zauren shiga; yaron ya ɗaga kai ya buɗe baki ya kasa rufewa. Manyan gidajen tarihi na gwamnati a nan kyauta ake shiga tun 2001. Akwai kuma Coram's Fields a tsakiyar gari, filin da ba a barin babba ya shiga sai yana tare da yaro, don haka hankalina ya fi kwanciya a can. Ranar Juma'a, idan na samu hali, jirgin layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana ɗaukata daga Ilford kai tsaye zuwa Whitechapel, in yi salla a sashen mata na babban masallacin Gabashin Landan, wato Cibiyar Maryam. A can nake ganin mata 'yan Bangaladash da Somaliya da yaransu, mu gaisa, yaran su yi ta guje-guje. Yaron ba ya biyan kuɗin mota ko na jirgi, ni kuma kuɗin bas ɗaya ya ishe ni ko sau nawa na canza cikin awa guda. Abincinmu a jaka nake zuwa da shi.

Kada ki ce daɗi nake ji zalla. Fita da yaro a hunturun Ingila aiki ne. Riga kan riga, safa, hula, safar hannu da zai cire ya yar kafin mu kai tasha, kuma sai na gama shirya shi tsaf zai ɓata kunzugu a koma farko. Bas ba ta ɗaukar keken yara fiye da biyu a buɗe, idan kuma mai keken guragu ya zo shi ke da wurin, sai ki naɗe naki ko ki sauka ki jira ta gaba cikin yayyafi. Yawancin tsofaffin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba su da lif, sai matakala, ki tsaya da keke kina jiran mai tausayi ya kama miki. Gaskiya ana samu, sau da yawa ma ba sai na roƙa ba. Wani lokaci nakan bar keken a gida in saka zani in goya abina, a yi ta kallona, wasu tsofaffin mata har su tsaya su tambaye ni yadda ake ɗaurawa. Amma yanzu ya yi nauyi, bayana ba ya ɗauka. A Disamba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk sun taho a jere, dole in lissafa inda zan yi salla tun kafin in bar gida. Duk da haka, ranar da muka fita yaron yana cin abinci sosai, ya yi barci da wuri, har bakinsa ya fara buɗewa. Ranar da muka wuni a ɗaki kuwa kuka ne da jifa da kaya har dare.

Matsalar ta taso ne daga hotuna. Nakan tura hoton yaron a zauren WhatsApp na dangi don kakanninsa su gan shi, tunda ba su taɓa ɗaukarsa a hannu ba. Ashe ana ƙirga min. Wata ƙanwar maigida ta fara da wasa, wai amaryarsu ta zama Baturiya. Daga baya Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira shi ta ce wace irin matar aure ce kullum tana kan titi kamar 'yar talla, ga sanyi ana jan jariri a ciki, ga Hausa ba zai iya ba tunda waƙar Turawa ake kai shi ya koya. Ban ga laifin Hajiya ba sosai. Ita a saninta mace mai kamun kai tana cikin gidanta, kuma a gidan Hajiya akwai tsakar gida da jikoki fiye da goma. Ba ta taɓa ganin inda muke zaune ba. Maganar Hausa kuwa, ni ba na yi masa wani yare a gida sai ita, ma'aikaciyar lafiyar ma cewa ta yi in ci gaba da hakan.

Tun daga ranar maigida ya ce a daina fita sai ranar hutunsa, mu tafi tare. Banda asibiti da kantin da ke bakin layi. Da na nemi dalili bai ambaci Hajiya ba, sai ya kawo nasa, kuma ba zan ce na banza ba ne. Ya tuna min tarzomar da aka yi a wasu garuruwan Ingila a bazarar 2024, lokacin da aka far wa masallaci a Southport da otal-otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka. Ya ce mace mai hijabi ita kaɗai da yaro ita ce abin hari mafi sauƙi. Ya kawo masu fizgen waya a kan keke. Ya kuma kawo abin da ya fi tsorata shi: yaron nan idan ransa ya ɓaci yakan kwanta a ƙasa a tsakiyar kanti yana birgima, ni kuma muryata tana da ƙarfi. Yana gudun wata rana in daka masa tsawa ko hannuna ya kai, wani ya kira hukumar kula da yara a fara mana zirga-zirga. A Sikotilan an hana dukan yaro kwata-kwata tun 2020, a Wales tun 2022, a Ingila ma abu kaɗan ne zai jawo tambaya. Mu kuma baƙi ne, zamanmu a kan takardar aikinsa yake.

Na ji duk wannan, Anti. Sai dai ranar hutunsa rabinta barci ne, rabinta sayayya, wani lokaci mu tafi har Peckham neman doya da manja da attaruhu, yaron yana ɗaure a keke tun fita har dawowa. Wannan ba wasa ba ne a wurin yaro. Makarantar rainon yara ta kuɗi ta fi ƙarfinmu, awa 15 a mako da gwamnati ke bai wa kowane yaro kyauta kuwa sai ya cika shekara 3. Yanzu da safe yakan ɗauko takalminsa ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ni kaina na fara canzawa: ba na son ɗaga labule, abu kaɗan sai hawaye, kuma tsawar da maigida ke tsoron in yi a waje, a cikin ɗaki ta ninku. Abin da ya fi ɗaure min kai, ranar da ya kwana a aiki shi ne mai fitowa da jajayen idanu ya ce don Allah in san yadda zan yi da yaron nan. In kai shi ina?

Ban taɓa fita ba da izininsa ba, kuma ba na son in fara. Wata ƙawata a nan ta ce in riƙa fita idan ya tafi aiki in daina tura hoto, wa zai sani? Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Mahaifiyata kuma haƙuri kawai take ba ni, ta ce kada in shiga tsakanin ɗa da uwa.

Shi ya sa na zo gare ki. Ta wace hanya zan ɓullo wa maigida ya gane cewa filin wasa da laburare su ne tsakar gidan ɗansa a wannan ƙasa, ba tare da ya ga kamar ina ja da maganar mahaifiyarsa ba? Ya dace in kira Hajiya da kaina ta bidiyo in zagaya da ita ɗakin nan ta gani da idonta, ko hakan zai zama rashin kunya daga suruka? Na yi tunanin in roƙi matar wani abokin aikinsa da yake girmamawa ta sa mijinta ya yi masa magana, amma ina tsoron ya ce na kai sirrin gida waje. Idan kuma kina ganin tsoronsa ya fi hujjata nauyi, ki faɗa min gaskiya, sannan ki taimaka min da dabarar riƙe ɗan shekara biyu a ɗaki ɗaya har ya shiga makaranta. Ina kuma roƙon iyaye mata da suka yi raino a ƙasashen waje, idan suna sauraro, su faɗi yadda suka yi da nasu mazan.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Mai sauraro daga Landan