Maradi na buƙatar zangon matafiya masu mota

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wurin kwanan mutumin da ke tahiya da mota, don abin ya daɗe yana damuna. Mu nan Maradi gari ne na hanya, duk wanda ya taso Yamai za shi Damagaram ko Diffa sai ya ratsa mu, ga kuma hanyar Ɗan Isa mai shiga Jibiya da Katsina, amma in dare ya yi ma baƙo da motarshi ina za shi? Sai ka ga kamyo jere bakin gudron, direba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, yaron mota na gadi, ba ruwa ba makewayi, sauro na cin rabonshi.

Ƴan uwanmu da ke zuwa Turai sayen motoci sun san abin da nike nufi. A Faransa akwai motocin nan masu ɗaki ciki, da gado da wurin girki da banɗaki, su suna ce musu camping-car, tsofaffi ƴan fansho sun fi yawo da su. To waɗannan mutane ba su kwana inda sunka ga dama. Ƙauyuka da yawa ma'aikatar magajin gari ce ke ware musu fili, a sa wani ƙarfe mai famfon ruwa da wurin jona lantarki, a yi rami na musamman inda za ka zubar da ruwan datti da na banɗaki, wasu wuraren kyauta ne wasu kuma ka biya da kati ko ka sayi ɗan kwabon ƙarfe wajen mai shago. Ko an ce maka Euro 10 ne, kusan jika shida da rabi kenan na sefa, wallahi bai kai kuɗin otel ba a can. Jamus ma haka tsarin yake. Kuma akwai wata ƙungiya France Passion, manoma ne ke barin matafiyin da ya shiga ƙungiyar ya kwana cikin gonarsu dare guda ba ko sisi, in ya ga dama ya sayi cuku ko zuma da safe ya wuce.

Nemo wurin ma ba wahala yanzu. Akwai manhajar waya Park4night, ka buɗe taswira ta nuna maka wurare kusa da kai, da hotuna, da abin da waɗanda sunka kwana can sunka ce, ko akwai hayaniya ko ɓarayi ko famfon ya lalace. Masu ratsa Afirka da mota sun fi amfani da iOverlander. Shawarata ga duk ɗan uwa da zai yi irin wannan tahiya, ya duba kwanan watan bayanin ƙarshe da anka rubuta, don wuri na iya rufewa taswira ba ta sani ba, kuma ya isa tun da sauran rana, bayan magariba wuraren kirki sun cika. Sannan a Faransa ajiye mota daban, kafa sansani daban. Kana iya tsayawa inda doka ta yarda a ajiye mota, amma da ka hito da kujeru da tebur ka buɗe rumfa bakin titi to ka shiga wata doka, ƴan sanda na iya tada ka.

Abin da ke ba ni takaici Malam Edita, wannan tsari ai kakanninmu sun yi shi. Fataken da ke tahiya Gwanja sayen goro da jakuna ba su kwana a daji haka nan, madugu ya san kowane zango, ya san inda rijiya take, akwai mai masauki da ke karɓar baƙo ya ajiye mashi kaya ya haɗa shi da mai saye. Shi ya sa har yau in ka je Kumasi ko Accra ko Kwatano sai ka tarar da unguwar Zango. Mu da munka gaji wannan, yau direban da ya kwaso kaya tun daga Lome ya biyo ta Burkina cikin ayari da rakiyar soja, tunda anka rufe gadar Gaya ta iyakar Benin a 2023, ya yi makonni kan hanya, ya iso gida ya rasa inda zai yi wanka cikin mutunci.

Kuma rashin barci na kashe mutane, kowa ya sani. A Turai doka ce direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi yana tuƙi dole ya huta minti 45, akwai na'ura cikin motar mai rubuta komai. Mu nan ko ka ce ya huta, a ina?

Don haka ina kira ga magajin garin Maradi da ƙungiyoyin direbobi da manyan ƴan kasuwarmu, Alhazan birni da Allah ya hore ma, a samu fili guda ta mashigar Yamai guda ta hanyar Ɗan Isa, a kewaye da katanga, a sa fanel na hasken rana, a haƙa foraj, a yi makewayi na maza daban na mata daban, ɗan masallaci, da mai gadi da rasit na gaskiya. Kuɗin kwana kaɗan zai riƙe wurin, mata masu tuwo da masu shayi su samu kasuwa, makanikai da masu faci su ma. In an yi sai a sa shi cikin waɗannan manhajoji da taswirar Google yadda baƙo zai gan shi tun yana Konni.

Na gode da fili. Allah ya kiyaye hanya.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi