Zuwa ga 'yata, malamar aji biyu

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da mutanen Dukku baki ɗaya. Mu nan Kumo sai godiya.

Ƙaninki ya kawo min labari wai kin ce wa 'yan ajinki su rubuta ɗari da biyar, da yawansu suka rubuta 1005, har ranki ya ɓaci. Ajiye bulalar nan. Abin da kunnen yaro ya ji shi hannunsa ya rubuta: ya ji ɗari ya sa 100, ya ji biyar ya manna 5 a gefe. Ba a taɓa nuna masa kowace lamba da gidanta ba.

Bakinmu ma ba ya taimakonsa sosai. Ashirin, talatin, arba'in duk aron Larabci ne, yaro ba ya jin biyu a cikin ashirin. Mutanen zamanin da, gomiya biyu, gomiya uku suke cewa. Ki dawo musu da wannan na mako guda, su riƙa cewa gomiya huɗu da biyu kafin su ce arba'in da biyu.

Sannan ki sa kowa ya zo da tsinken tsintsiya. Ki zana gida uku a ƙasa da alli: na ɗaiɗai a dama, na gomomi a tsakiya, na ɗaruruwa a hagu. Doka guda ce, gida ba ya ɗaukar fiye da tara. Da sun cika goma sai a ɗaure su da zare, ƙullin ya ƙaura gidan hagu. Su za su ɗaure, ba ke ba, ko da za a ci rabin darasi ana ƙulli. Ranar da suka shimfiɗa ɗari da biyar, za su ga babban dami ɗaya, tsinke biyar, tsakiya fayau. Nan za ki tambaye su me za a rubuta a gidan da ba kowa. Sifili mai gadi ne, in ya tashi 105 ta koma 15.

Wajen ɗebewa kuma kada ki bi sawuna. Na yi shekaru ina cewa "mu ara ɗaya", sai ran nan wani yaro, ɗan mai tireda, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to yaushe za mu biya?" Wallahi na rasa amsa. Ba aro ba ne, canji ne. A 42 a ɗebe 17, kwance ƙulli ɗaya, tsinke biyu suka zama sha biyu, shi ke nan. Yaron da ake aike sayen sabulu ya san canji tun kafin ya san allo.

Ku kam kun samu sauƙi. Mu da kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya muka tashi, sai 1973 Naira ta zo da kwabo 100 muka huta. Yanka kwali ki yi musu takardun Naira 10, 100 da 1,000, ki buɗe ɗan kanti a bayan aji.

Innarki ta ba direba kuka da daddawa ya kawo miki. In kin zo hutu ki taho min da littafin yaron da ya fi ba ki wahala, ina son ganin inda yake ɓata.

Babanki.