Amsa ga Malamin da ya ce launin fata ya rufe mini ido

Assalamu alaikum Malam.

Ranar Asabar da ta wuce ka bugo waya cikin shirinmu na rediyo, saura minti biyu a rufe, ka jefo tambayarka ka kashe. Ka ce yaya ni da na shekara ashirin ina koyar da tarihi zan kare fim ɗin Gladiator II na 2024, inda baƙar fata, Denzel Washington, ya fito a matsayin babban Barume yana magana da karin harshen Amurka. Sai ka ƙara da cewa ko don fatarsa irin tawa ce na kau da kai. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci. Ɗalibaina suna saurare, surukaina ma haka. Kuma kai ba baƙona ba ne, shekara shida muka yi a ɗakin malamai ɗaya. Da sani kake nema, lambata tana cikin wayarka. Abin da ka nema shi ne jama'a su ji ka ƙure ni.

Da wane karin harshe kake so ya yi magana? Na san amsarka: irin Turancin manyan Ingila da ka saba ji a bakin sarakunan Rum na fim. To Malam, Rumawa ba su taɓa jin Turanci ba. Latin suke yi, a gabashin daular kuma Girkanci ya fi yawo. Abin da kunnenka ya ɗauka asali, sabo ne da masu shirya fim na Amurka suka ɗora mana. A Ben-Hur na 1959 da Spartacus na 1960, yawanci 'yan wasan Ingila aka bai wa matsayin Rumawa masu mulki, Amurkawa kuma suka fito a waɗanda ake dannewa. Dabara ce ta sa ɗan kallo ya gane azzalumi daga buɗe bakinsa, ba ta da alaƙa da bincike.

Shi kansa Latin ɗin ba baki ɗaya yake da shi ba. Tsohon littafin tarihin sarakunan Rum ya ruwaito cewa Hadiriyan, wanda daga baya ya zama sarkin Rum kuma danginsa 'yan Sifen ne, yana matashi ya tashi karanta jawabin sarki a majalisar dattawa, aka yi masa dariya saboda lafazinsa na ƙauye. Littafin ya ce Sabtimiyus Seberus, haifaffen Labda a Libiya ta yau, wanda ya yi sarauta daga 193 zuwa 211, har tsufansa ana jin Afirka a bakinsa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne malamin Kirista Agustin, da aka haifa a 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya. Ya rubuta cewa kunnen mutanen Afirka ba ya rarrabe dogon wasali da gajere. Misalin da ya kawo shi ne kalmar os: in ka gajarta, ƙashi ne, in ka ja, baki ne. Duk Bahaushen da ya san bambancin gari na zama da garin tuwo ya san girman wannan. Ka ga ashe ana iya gane ɗan Afirka a kasuwar Rum tun kafin ya gama taya kaya.

Yanzu batun fatar. Makirinus, wanda Denzel ya fito a madadinsa, mutum ne na gaske. An haife shi a birnin Kaisariya, inda Sharshal take yau a gaɓar tekun Aljeriya. Masanin shari'a ne, ya zama shugaban dogarawan fada, ya kitsa kisan Sarki Karakala a 217, ya hau mulki, aka kashe shi a 218 ba tare da ya taka birnin Rum yana sarki ba. Mutumin Arewacin Afirka ne, kuma ban taɓa cewa baƙinsa ya kai na Denzel ba. Abin da na faɗa a shirin, kuma faifan yana nan, shi ne laifin fim ɗin yana wani wuri: ya mayar da masanin shari'a tsohon bawa mai fataucin mayaƙan dandali. Na soki wannan da bakina, kai kuma ka tsallake shi don bai dace da zargin da ka shirya ba.

Ga abin da ya sa nake shakkar niyyarka. A fim ɗin nan, Karakala da ƙanensa Geta farare ne tas. Ubansu Seberus ne ɗan Libiya, uwarsu Juliya Domna 'yar Himsa ce ta ƙasar Sham. Akwai wani zanen iyalin a kan katako mai da'ira da ke gidan tarihi a Balin, babban birnin Jamus: uban da furfura a gemu, fatarsa ta fi ta matarsa duhu ƙarara, fuskar Geta kuma an kankare ta bayan yayansa ya sa an kashe shi. Kowace shekara nakan nuna wa 'yan ajina hoton nan, su yi tsit suna kallon tabon da ya rage a gurbin fuskar yaron. An wanke 'ya'yan Balibiye sun koma Turawa, ba ka ce uffan ba. Baƙi guda ya sa tufar manya, sai kishin tarihi ya motsa maka.

In kuwa cewa kake a yi fim ɗin da Latin, an yi irin haka a shirin Barbarians na Jamus a 2020, kuma ya yi armashi. Amma mu da muke kwana kallon jaruman Indiya suna zuba Kananci a fassara, ba mu ne za mu kafa wannan sharaɗin ba.

Abin da ya sa maganar ta sosa mini rai, gida take. Ni Basakkwace ne. Ranar farko da na shiga aji a makarantar kwana, malami ya tambayi inda wani yaro yake, na ce "shina waje". Aji ya fashe da dariya, malamin ma ya dara. Na shafe zangon karatu guda ban ƙara ɗaga hannu ba. Yau ka kunna finafinanmu na Hausa: mai kuɗi da likita da jarumin soyayya duk Kananci suke yi, Sakkwatanci kuwa sau da yawa sai a bakin mai gadi ko baƙauyen da aka kawo don a yi dariya. Hausar Bafulatani da ta Bagwari ma haka ake yi musu. Harshen da malaman jihadi suka rera waƙoƙin wa'azi da shi, ya koma abin barkwanci. Dabarar nan ta Amurkawa ce muka ɗauko, muka raba wa mutanenmu daraja da karin harshe, kuma shekara da shekaru ban ji ka bugo waya a kan wannan ba.

Na roƙi mai gabatar da shirin ya ware mana rabin awa ranar Asabar mai zuwa, ya amince. Ka zo da hujjojinka, zan zo da hoton nan na Balin. Amma kafin mu fara, ina so ka janye maganar launin fata a gaban mutanen da ka faɗe ta.

Wassalam,
Tsohon abokin aikinka.