Kewar KLM ba za ta dawo da jirage Kano ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, domin da abin da ake samowa daga can aka ciyar da ni har na girma.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kayan fata yake sayarwa. Yakan sari tumtum da jakunkuna da takalma a kasuwar Kurmi, ya ɗaure su a bayan keke, ya nufi filin jirgi. A zamaninsu jiragen Turai masu zuwa Kongo da Afirka ta Kudu ba sa iya tafiyar a tashi ɗaya, dole in sun tsallake Sahara su sauka Kano su sha mai. Fasinjojin kamfanonin KLM na Holland da BOAC na Ingila da Sabena na Belgium sukan fito su miƙe ƙafa, shi kuma ya baje hajarsa a kan tabarma. Ba ya jin Turanci, da yatsu ake ciniki. Ina ɗan shekara takwas nake riƙe masa jakar canji, har yau ina tuna ƙamshin jar fata da ya gauraya da warin man jirgi. Ya sha ba mu labarin mutumin da ke hawa raƙumi yana busa kakaki in jirgi zai sauka.

Yaranmu da yawa ba su san cewa a Kano jirgin sama ya fara taɓa ƙasar Najeriya ba. A watan Nuwamban 1925 ne jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, cikin Ghana ta yau, ta Kano da Maiduguri suke bi kafin su isa Masar. Har gobe, a takardun matuƙa, sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano ake kiransa.

To me ya faru? In aka zauna a majalisa, abin da za ka ji shi ne maƙarƙashiya aka ƙulla wa Arewa. Ban ce babu siyasa a harkar jirage ba, amma abin da ya tashi kasuwar mahaifina inji ne. Da manyan jirage masu dogon zango suka fito, sai suka riƙa wuce mu ta sama, ba su da buƙatar manmu. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, jakadu da manyan baƙi suka bi ta. KLM, wanda ya fi kowa daɗewa tare da mu, ya tattara ya tafi a 2012. Na ji zafin tafiyarsa kamar an yi mini rasuwa. Sai dai kamfanin jirgi ba ya zuwa don zumunci, kujeru yake ƙirgawa da nauyin kaya.

Yau jiragen Masar da Habasha da Saudiyya ne ke riƙe da mu, Qatar ma ta shigo a 2022. Akwai sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje da kamfanin China ya gina. Lokacin aikin Hajji da Umarar azumi wurin kan cika ya batse, 'yan rakiya sun fi matafiya yawa. Da an gama, sai ya koma tsit.

Duk mai son gane ciwon, ya je ya tsaya ranar da jirgin Habasha ko na Masar ya sauka. Zai ga 'yan kasuwar Kwari da na Farm Centre suna turo amalanke shaƙe da shadda da abaya da wayoyi. Ya dawo ya dubi masu tafiya: ƙaramar jaka ce a hannu, sai dala a aljihu. Jirgi ya zo mana da ciki cike, ya koma da yunwa. Wane mai mota ne zai so hanyar da lodinta na zuwa ne kawai?

Kuma ba kayan ne babu ba. Ni sana'ar gado na riƙe. Fatar akuyarmu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayari ke kai musu ita, ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa. Bara wani mai saye a Italiya ya nemi in aika masa ɗan kaya cikin gaggawa. Sai da kayan suka hau mota suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Legas kafin su ga jirgi, alhali daga shagona ina jin ƙarar tashin jirage. Riɗi da soborodo da citta suna iya jiran jirgin ruwa, ga tashar tsandauri ta Dala an buɗe musu. Amma ɗanyen barkono da kuɓewa da koren wake na manoman Kadawa da Kura fa? Waɗannan ba sa jira, kuma ƙasashen Larabawa da ke sayen irinsu tafiyar 'yan sa'o'i ce daga nan.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin sabon gini ba. Ɗakin sanyi wanda wutarsa ba ta ɗaukewa. Wurin gwajin kayan abinci da takardarsa za ta karɓu a waje, domin mun ga yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015 saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a jikinsa. Sai tebur guda inda kwastam da jami'an duba amfanin gona za su zauna tare, ɗan kasuwa ya gama takardunsa a yini ɗaya.

Sai kuma hazo. Wanda ya kai shekaruna ba zai manta ranar 22 ga Janairun 1973 ba, da jirgin alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya gafarta musu. Duk hunturu hazo kan sa a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi wani gari, saboda haka na'urorin da ke jagorantar matuƙi ya sauka cikin duhun ƙura su ne abu na farko da ya kamata a riƙa kula da lafiyarsu. Mai ɗanyen kaya ba zai kai hajarsa inda jirgi zai kwana biyu bai zo ba.

Mu 'yan kasuwa ma da namu laifin. Kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa mai sayensa, kowa na aika ɗan ƙullinsa shi kaɗai, ga shi babu mutum ɗaya da zai cika jirgin kaya. Ina kira ga ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano ta tara majema da manoman rani da dillalan kaya, a rubuta abin da kowa zai iya kawowa duk mako, a kai wa kamfanonin jiragen a takarda. Ranar da aka kira wannan taro, a sa sunana a layin masu fata.

Wassalam.

Mai karatunku na kullum,
daga Fagge, Kano