Amsar tambayarka a kan ƙara watannin gwajin koyarwa

Malam, barka da aiki.

A taron malamai ka tambaye ni a gaban jama'a: tunda kowa ya yarda ɗalibin malanta ba ya iya koyarwa sai ya shiga aji, me zai hana jami'o'i su ninka watannin gwajin koyarwa kawai, a huta da wahalar sake manhaja?

Ban goyi bayan haka ba. Tun 1938 masanin falsafar ilimi na Amurka John Dewey ya yi gargaɗin cewa ba kowace gogewa ce ke ilmantar da mutum ba, wata ma ɓata shi take yi. Dubi ɗalibar da aka tura makaranta, malamin ajin ya miƙa mata alli ya tafi sabgarsa. Ta cika allo da rubutu, ta juyo ta ce "kun gane?", yara suka amsa da baki ɗaya, ta wuce gaba. Babu wanda ya nuna mata cewa 'yan layin baya ko littafi ba su buɗe ba. Ka bar ta wata shida a haka, kuskuren ne zai zama mata jiki. Kuma salon da za ta kama shi ne wanda aka koyar da ita tana ƙarama, domin masanin harkar malanta Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa yaro kan shafe kusan awa 13,000 yana kallon malamai kafin ya gama sakandare. Lakcar zango ɗaya ba ta goge wannan.

Abin da ke sa gwajin koyarwa ya zama ilimi shi ne zaman da ake yi bayan darasi. A Jami'ar Stanford da ke Amurka, a 1963, an fara sa ɗalibi ya koyar da yara kaɗan na 'yan mintoci, a zauna da shi a warware abin da ya yi, sannan ya koma ya sake darasin. Finland kuwa jami'o'inta na da makarantunsu na gwaji, inda horar da ɗaliban malanta yake cikin aikin malaman ajin.

A nan gizo ke saƙar. Malamin jami'a da maƙalu yake samun ƙarin girma, zaman da ya yi a bencin baya na ajin firamare ba a lissafa masa. Shi ya sa yakan leƙa sau ɗaya, ya cike takarda, ya ba da maki. Ban ga laifinsa ba, tsarin ne ya kai shi can, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Tunda kana cikin kwamitin manhaja, ina roƙonka ka fara da wannan: a sa awannin duba ɗalibai cikin nauyin aikin lakcara da ma'aunin ƙarin girmansa, a horar da malamin ajin da zai riƙe ɗalibi, a rage masa darussa. Darasin dabarun koyarwa kuma ya riƙa tafiya a mako guda da shiga aji, don ɗaliba ta kawo matsalar da ta haɗu da ita ranar Talata a tattauna ranar Alhamis. In an samu waɗannan, zan sa hannu a ƙara watannin.

Na gode, a huta lafiya.